Me ake nufi da "aikin enzayim" a saifar ɓera bayan radiyeshon?

Idan ka ji masu bincike na cewa radiyeshon ya canza aikin enzayim, ba yawan enzayim ɗin suke ƙirgawa ba, saurin aikinsa suke aunawa, wato nawa yake iya sarrafawa cikin minti ɗaya. Shi enzayim furotin ne da ke hanzarta haɗuwa da warwarewar sinadarai a cikin sel, wato ƙwayar halitta.

To me ya sa masu binciken suke duba saifa da ɓargo da taimus (wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji)? Saboda nan ne sojojin jiki suke fitowa suke taruwa, kuma su limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suna cikin ƙwayoyin da radiyeshon ya fi saurin kashewa.

Sel mafi yawansa ruwa ne, hasken gama ko eksire na shiga sai ya farfasa ruwan nan ya fitar da wasu ɓarɓashin guba masu cin DNA da kitsen bangon sel. Jiki kuwa yana da enzayim masu sharewa, wanda ake kira SOD ya kama sufa-oksayid (ɗaya daga cikin ɓarɓashin gubar) ya mai da shi haidirojin feroksayid, katalas ya karɓa ya mai da shi ruwa da iskar oksijin. Idan awon radiyeshon ɗin ya yi yawa sai gubar ta fi ƙarfinsu, gulutatayon (wani sinadarin da ke taya su sharewa) ya ƙare, aikinsu ya faɗi, amma ƙaramin awo wani lokaci har ƙara musu kuzari yake, shi ya sa duk sakamakon da bai faɗi gire (ma'aunin radiyeshon) nawa aka bayar da awa nawa aka jira ba ni dai ba na ɗaukarsa da muhimmanci.

Kuma fa ba duka ke sauka ba. Wani enzayim mai suna kasfes-3 tashi yake yi cikin 'yan awanni a taimus, shi ne wanda ke yanyanka sel daga ciki idan DNA ta lalace, nan da nan taimus ɗin ya motse.

A 1949 Leon Jacobson a Jami'ar Chicago ya rufe saifar ɓeraye da dalma kafin ya haska su, sai da yawansu suka tsira daga awon da ya kashe sauran, domin saifar ɓera tana haɗa jini har bayan ya girma. Ta mutum baligi ba ta wannan aikin sai in cuta ta tilasta, don haka ba a kwashe lissafin ɓera kai tsaye a ɗora wa mai cutar daji da ake wa gashi a asibiti.