Sayar da Datsun 240Z da aka canza wa inji: tambayoyi da amsoshi

Datsun 240Z, wadda kamfanin Nissan na Japan ya ƙera daga 1969 zuwa 1973, tana cikin tsofaffin motocin gudu da aka fi canza wa inji, musamman a Amurka. Injinta na asali L24 ne, mai silinda shida a jere, lita 2.4, da ƙarfin doki kusan 150. Wasu kan cire shi su sa L28, injin ƙanwarta 280Z, wasu kuma su ɗora V8 na Chevrolet, wato inji mai silinda takwas. Ranar sayarwa ce ake gane abin da wannan canji ya jawo.

Canza inji yana karya farashin motar?

Ya danganta da wanda ya zo saye. Masu saye iri biyu ne. Akwai mai tara motocin tarihi, wanda abin da yake nema shi ne mota yadda ta fito daga masana'anta, lambar injinta ta dace da wadda ke jikin farantin ƙarfen da ke ɗakin inji. Irin waɗannan ne suka kai wata 240Z ta 1971, wadda ba a taɓa ba, dala 310,000 a shafin gwanjon motoci na intanet mai suna Bring a Trailer a 2020. Da irin wannan mutum ya buɗe bonet ya ga V8, ciniki ya ƙare. Akwai kuma mai son tuƙi, wanda ƙarfi da lafiyar inji suka dame shi. Wannan zai biya kuɗi mai kyau, amma fa sai aikin ya yi tsabta.

Saboda haka kada ka auna motarka da farashin wadda ba a taɓa ba. Ka nemi waɗanda aka canza wa inji irin naka, ka duba nawa aka sayar da su a zahiri. Kuɗin da aka sa a talla ba ma'auni ba ne.

Zan mayar da kuɗin da na kashe wajen canjin?

Da wuya. Kuɗin inji da giyabos kan dawo wani ɓangare, kuɗin aikin makaniki kuwa mafi yawansa ya tafi. Mai saye motar da ke gabansa yake taya wa, ba wahalarka ba.

Duk canjin inji ɗaya ne a idon mai saye?

A'a. L28 ɗan gida ne: yana zama a mazaunin L24 ba yanka ba walda, kuma in ba gwani ba, mutum ba zai bambance su da ido ba. Irin wannan canji bai cika razana kowa ba, domin ana iya mayar da motar yadda take. LS1, wani V8 na Chevrolet, kuwa lita 5.7 ne, kuma a Corvette ta 1997 ƙarfin doki 345 yake bayarwa, wato ya ninka na asali har da ƙari, a motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Sa shi yana bukatar sabon mazaunin inji, sabuwar farfela, wani lokaci har da bugu ko yanka ramin giyabos. Abin da aka kwance da sifana ana iya mayarwa. Abin da aka yanka da wuta shi ne ke rage daraja.

Injin asali yana ajiye a gareji, in haɗa shi a cinikin?

Ƙwarai kuwa, ko da ya mutu. Babu abin da zai ƙara wa motarka daraja kamarsa, domin lambar da aka buga a jikinsa ba a samun ta a kasuwa. Ka haɗa da kafiretonsa biyu, giyabos ɗin asali, akwatin iska da farfela. Ka ɗauki hoton lambar injin da na farantin, ka sa su gefe da gefe a talla. Da wannan ka sake buɗe wa mai tara motocin tarihi ƙofa. Sayar da injin daban don 'yan kuɗi kaɗan asara ce babba.

Me gwanin mai saye zai duba?

Ba injin zai fara dubawa ba, abubuwan da ke kewaye da shi ne, don a nan ake gane aikin ganin ido.

Zai duba bututun mai. Kafireton asali matsin mai kaɗan yake so, wajen 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na psi, LS1 kuwa 58 yake bukata. In aka bar tsohon tiyo da tsofaffin maɗaurai, gobara ake jira. Zai duba aksul ɗin baya: na asali R180 ne, kuma masu canjin kirki kan sa R200 mai ƙarfi, su kuma ƙarfafa mazauninsa na gaba, wanda aka sani da yagewa in ƙarfi ya yi yawa. Ƙarar "ƙwas" daga baya lokacin sa giya ita ce alamarsa. Zai duba birki, domin 240Z faifai gare ta a gaba, ganga a baya, an kuma yi su ne don ƙarfin doki 150. Zai bar motar a kunne minti 20 ya ga ko lagireto zai riƙe zafi kuma fanka za ta tashi da kanta. A titi zai saurari karkarwa, wadda sau da yawa daga farfelar da ba a daidaita kusurwarta ba take fitowa. Sai wayoyi: waɗanda aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif suna gaya masa yadda sauran aikin yake.

Daga nan zai shiga ƙarƙashi. Tsatsa ita ce ciwon 240Z, a ƙarafan ƙasa masu riƙe bodi, da daɓen mota, da ƙarƙashin mazaunin batir. V8 a kan ruɓaɓɓen ƙarfe murɗe bodin yake yi. Mota mai injin aro da lafiyayyen bodi ta fi mai injin asali da ƙasanta ya cinye.

Kafin ka yi talla, ka sa a auna matsin kowace silinda. In bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ka rubuta alƙaluman a tallan.

Agogon tafiya fa?

Na 240Z da waya mai juyawa yake aiki, giyabos irin T56 da ake haɗawa da LS1 kuwa da lantarki yake aika saƙo. Sau da yawa bayan canji agogon kan tsaya ko ya yi ƙarya. In haka ne, ka rubuta cewa ba a san ainihin nisan da motar ta yi ba. Ka kuma raba biyu: nisan bodi daban, nisan injin tun da aka sa shi daban.

Doka tana da abin cewa?

Tana da shi, kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Kalifoniya motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa shiga gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, don haka 240Z ta tsira, amma 280Z ta 1976 zuwa 1978 sai ta shiga, kuma canjin injinta sai hukuma ta duba. A Birtaniya dole a sanar da hukumar rajistar motoci, DVLA, sabuwar lambar inji da girmansa a takardar rajista ta V5C, kuma motar da ta kai shekara 40 na iya rasa sassaucin gwajin lafiyar mota na MOT in an yi mata babban canji cikin shekara 30 da suka wuce. Mai shigar da mota Amurka ma ya sani cewa sassaucin hukumar kare muhalli ta EPA ga motocin da suka kai shekara 21 na waɗanda ke yadda aka ƙera su ne. Kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya in ba a gaya masa canjin ba. Ka gyara takardu kafin mai saye ya zo.

Yaya zan rubuta tallan da takardar ciniki?

Canjin injin ya fito a layin farko. Ɓoye shi ha'inci ne, kuma lamba za ta tona asiri. Ka faɗi irin injin, motar da aka ciro shi da shekararta, garejin da ya yi aikin, da ranar da aka gama. Ka tara rasit bisa jerin kwanan wata, da hotunan lokacin aiki, da jerin kayan da aka sa, don sabon mai motar ya san fanbel ko fulogin wace mota zai nema. Ka yi bidiyon tayar da injin da sanyin safiya, kafin ya ɗumi.

A takardar ciniki a rubuta lambar shasi, wadda a motocin Amurka ke farawa da HLS30, da lambar injin da ke ciki yanzu, da ta injin asali in yana cikin cinikin, da jumla ɗaya bayyananniya cewa mai saye ya san an canza inji. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.