Kwarmata bayanai: mai ɗaukowa ake nufi ko mai bugawa?

Duk mai sauraron labaran duniya ya sha jin ana cewa "shafin kwarmata bayanai na WikiLeaks", ko a kira mai shafin, Julian Assange, da sunan "mai kwarmata bayanai". Haka ake kiran Edward Snowden, wanda ya tona yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke bibiyar sadarwar mutane, haka kuma ake kiran ma'aikacin da ya tsegunta wa EFCC ɗakin da aka jibge daloli. Riga ɗaya muke yafa wa mutanen da aikinsu ya sha bamban, alhali a kan wannan bambancin ne aka kwashe shekara biyar ana fafatawa a kotunan Landan.

A asalin Hausa, kwarmatawa ita ce ɗaga murya a faɗi abin da ake so ya tsaya a ɗaka. Tsegumi a kunne ake yin sa, kwarmato kuwa sai tsakiyar kasuwa. Kalmar ba ta da farin jini a wurinmu, domin mu mutane ne da babbar addu'armu ita ce Allah ya rufa asiri, kuma tun muna yara ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ya sa Bahaushe kan ji kalmar ya fara tsarguwa da mutumin tun bai ji me ya tona ba. Amma a bakin 'yan jarida na yau ma'anar ta ƙuntata. Ana nufin wanda yake cikin wata hukuma ko kamfani, ya ga ɓarnar da ake ɓoye wa jama'a, ya fito da ita. Asirin maƙwabci daban, asirin hukumar da ke aiki da kuɗin jama'a da sunan jama'a daban.

In an bi wannan ma'anar, wadda ta kwarmata bayanan da suka girgiza duniya a 2010 ita ce Chelsea Manning, wadda a lokacin ake kira Bradley Manning, ƙaramar soja mai nazarin bayanan sirri a rundunar Amurka da ke Iraƙi. Ita ke da izinin shiga kwamfutocin soja, ita ta yi rantsuwar riƙe amana, ita kuma ta kwafo takardun. Kotun soja ta yanke mata shekara 35 a 2013, Shugaba Obama ya sassauta hukuncin a farkon 2017, ta fito bayan shekara bakwai a tsare. Assange kuwa ɗan Ostireliya ne, bai taɓa yi wa gwamnatin Amurka aiki ba, bai yi mata rantsuwar komai ba. Karɓa ya yi ya wallafa a shafin da ya kafa a 2006.

Abin da aka wallafa ba ƙarami ba ne. A watan Afrilun 2010 aka fara da bidiyon wani jirgin yaƙin Amurka mai saukar ungulu yana buɗe wa mutane wuta a titin Bagadaza a 2007, cikin waɗanda suka mutu har da ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na Reuters biyu. Sai rahotannin yaƙin Afganistan, sai na Iraƙi kusan 400,000, sai wasiƙun sirri na ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000. Waɗannan wasiƙu sun taɓo mu kai-tsaye. A cikinsu ne aka ga wadda ke cewa kamfanin Pfizer ya ɗauki masu bincike su tono laifin ministan shari'ar Najeriya na lokacin, Michael Aondoakaa, don a matsa masa ya janye ƙarar gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta Kano a 1996. Kamfanin ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar, mutanen Kano ba za su taɓa sanin an rubuta irin wannan wasiƙa ba in da ba a fasa ƙwan ba.

To, me doka ta ce game da wanda ya buga? A Amurka an daɗe ana tafiya a kan wata fahimta da ta samo asali daga 1971, lokacin da wani mai nazarin harkokin soja, Daniel Ellsberg, ya miƙa wa jaridar New York Times takardun sirrin yaƙin Biyetnam. Gwamnatin Nixon ta nemi a hana bugawa, Kotun Ƙoli ta ƙi da rinjayen alƙalai shida a kan uku. An gurfanar da Ellsberg, ko da yake shari'ar ta rushe a 1973 saboda maguɗin da gwamnati ta yi, amma ba a ɗaure edita ko ɗaya ba. Tun daga nan al'adar ta zama: ma'aikacin da ya fitar da sirri ya kuka da kansa, jaridar da ta buga kuwa tana ƙarƙashin inuwar gyaran farko na tsarin mulki, wanda ya kare 'yancin magana da na jarida. Sai dai fa al'ada ce kawai. Hukuncin 1971 ya hana gwamnati toshe bakin jarida kafin ta buga, bai ce ba za a iya tuhumar ta bayan ta buga ba. An bar ƙofar a sakaye, ba a sa mata sakata ba.

Gwamnatin Obama ta leƙa ƙofar ta ja da baya, domin ta kasa gano yadda za ta tuhumi Assange ta ƙyale New York Times da Guardian da Der Spiegel da Le Monde da El País, waɗanda suka buga takardun tare da shi. Gwamnatin Trump ce ta banka ta. A 2017 shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA na lokacin, Mike Pompeo, ya kira WikiLeaks ƙungiyar leƙen asiri ta abokan gaba wadda ba ta wata ƙasa ba. A watan Afrilun 2019 'yan sandan Birtaniya suka fito da Assange daga ofishin jakadancin Ekwado a Landan, inda ya yi kusan shekara bakwai yana fakewa don kada a miƙa shi ga Suwidin kan zargin cin zarafin mata biyu, zargin da ya musanta kuma daga baya aka rufe bincikensa. Daga ƙarshe tuhumar Amurka ta kai 18, guda 17 a ƙarƙashin Dokar Leƙen Asiri ta 1917, jimillar hukuncinsu na iya kaiwa shekara 175.

Wannan doka ita ce ƙashin bayan rigimar. An yi ta ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don 'yan leƙen asiri, wato masu sace sirri su kai wa wata ƙasa a ɓoye. Amma kalmominta suna da faɗi, sun haɗa da duk wanda ya karɓi bayanan tsaro ko ya yaɗa su ba da izini ba. Kuma ba ta ba wanda ake tuhuma damar cewa "na yi ne don amfanin jama'a" ba. Ko kisan fararen hula ka tona, alƙali ba zai saurari dalilinka ba, tambayarsa ɗaya ce: takardar ta sirri ce, kuma kana da izini?

Masu gabatar da ƙara sun ce Assange ya wuce gona da iri. Sun zarge shi da amincewa ya taimaka wa Manning fasa wata lambar sirri ta kwamfutar soja, da kuma zuga ta ta ƙara kwasowa. Zargin farko yana da nauyi, don ba aikin ɗan jarida ba ne riƙe wa mai haura katanga tsani. Na biyun ne ya tayar wa editoci hankali: wane ɗan jarida ne bai taɓa ce wa majiyarsa "akwai saura?" ba, ko bai taɓa ɓoye sunanta ba?

A ganina, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A watan Satumban 2011 WikiLeaks ta saki wasiƙun jakadun gaba ɗaya ba tare da goge sunayen mutanen da suka yi magana da Amurkawa a asirce ba, wasunsu a ƙasashen da irin wannan ke jawo ɗauri ko abin da ya fi shi. Jaridun nan biyar da kansu suka fito suka yi tir da hakan. Sakin wasiƙun jam'iyyar Democrat a zaɓen 2016, waɗanda hukumomin Amurka suka ce Rasha ce ta sato, shi ma ya zubar wa Assange da ƙima a idon da yawa, duk da cewa ba ya cikin tuhumar. Amma jaridun da suka yi tir da shi su ne kuma suka haɗu a 2022 suka rubuta wa gwamnatin Amurka cewa ta janye ƙarar, saboda sun san igiyar da aka murɗa dominsa za ta iya shiga wuyan kowa a cikinsu. Doka ba ta san ɗan jarida mai ladabi da marar ladabi ba. Mu ma mun ga kwatankwacin haka a watan Janairun 2019, lokacin da sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan labarin shirin farmaki a yankin Baga, suna cewa an fitar da sirrin soja. Jaridar da ta buga aka fara dirar wa.

Shari'ar miƙa Assange ga Amurka ta yi ta kwan-gaba-kwan-baya a kotunan Landan. A 2021 wata alƙaliya ta hana a tasa ƙeyarsa saboda tsoron zai iya kashe kansa a kurkukun Amurka, babbar kotu ta soke hukuncinta, sakatariyar harkokin cikin gidan Birtaniya ta lokacin, Priti Patel, ta sa hannu a miƙa shi a 2022, sannan a watan Mayun 2024 aka sake ba shi damar ɗaukaka ƙara. Duk wannan yana kurkukun Belmarsh.

Sai aka yi sulhu. A ƙarshen watan Yunin 2024 aka kai shi kotun Amurka da ke tsibirin Saipan a tekun Pasifik, ya amsa laifi ɗaya na haɗa baki wajen samo bayanan tsaro da yaɗa su, aka yanke masa wata 62, daidai abin da ya riga ya yi a tsare, ya wuce gida Ostireliya. Da yake amsa laifi ya yi, babu wata babbar kotu da ta yanke hukunci kan ko Dokar Leƙen Asiri ta hau kan mai bugawa, don haka ƙofar nan ta 1971 tana nan a sakaye. Bayan 'yan watanni, a gaban wani kwamitin 'yan majalisa na ƙungiyar Council of Europe da ke Strasbourg, Assange ya ce laifin da ya amsa shi ne aikin jarida.