Maganin neman haihuwa da lafiyar uwa da jariri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, wadda ita ce jaririya ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, miliyoyin yara sun zo duniya ta wannan hanya, kuma mafi yawansu suna cikin ƙoshin lafiya. Sai dai kowane magani yana da tasiri a jiki, kuma haƙƙin ma'aurata ne su san shi kafin su fara.

Matsalar da ta fi yawa a wurinmu tana farawa ne daga kemis. Mace takan gaji da gorin dangin miji, sai wata ƙawa ta kwatanta mata ƙwayar Clomid, ta saya ta yi ta sha wata bayan wata ba tare da an duba ta ba, alhali wataƙila bututun mahaifarta ne ya toshe, ko kuma matsalar tana wajen maigida, wanda sau da yawa ba a taɓa auna shi ba. Aikin wannan ƙwaya shi ne tunzura ma'ajiyar ƙwai ta saki ƙwai, kuma likitoci ba su cika barin mace ta wuce zagaye shida tana shanta ba. Allurai masu irin wannan aiki sun fi ta ƙarfi, har sukan sa ma'ajiyar ƙwan ta kumbura, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, jini ya daskare a jijiya. Matar da ke kan magani, idan ta ga cikinta yana kumbura da sauri, tana amai, numfashinta yana yin sama-sama, ko fitsarinta ya ragu ƙwarai, to ta nufi asibiti a wannan ranar.

Babban abin da ke jefa uwa da jariri cikin haɗari shi ne cikin tagwaye ko 'yan uku. Tagwaye abin farin ciki ne, kuma mutumin da ya sayar da fili don biyan kuɗin dashe, wato sanya ƙwan da aka haɗa a ɗakin gwaji cikin mahaifar mace, yakan roƙi likita ya sanya ɗan tayi biyu ko uku domin a huta gaba ɗaya. Uzurinsa abin fahimta ne, amma a ganina wannan roƙo ya fi komai cutar da matar. Cikin tagwaye yana ƙara haɗarin hawan jini mai kaiwa ga jijjiga, da ciwon sukari na masu juna biyu, da zubar jini bayan haihuwa, da yin tiyata. Fiye da rabin tagwaye ana haifarsu kafin sati 37, da yawansu nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba, kuma duk wanda ya taɓa yawo da bakwaini a naɗe cikin zane yana neman asibitin da ke da kwalba da wutar lantarki ya san girman wannan al'amari. Saboda haka ne ƙwararru suke ba da shawarar a dasa ɗan tayi guda, a daskarar da sauran domin gaba.

Ko da jariri ɗaya ne, akwai ɗan ƙarin yiwuwar haihuwar bakwaini ko wata tawaya ta halitta, kodayake masana suna danganta wani ɓangare na hakan da shekarun iyaye da kuma ita kanta larurar da ta hana haihuwar.

Ya kamata miji da mata su je gwaji tare, a daidaita hawan jini da sukari tukuna, matar kuma ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga. Idan ya shiga, a yi hoton ciki da wuri domin a tabbatar yana cikin mahaifa, a kuma san adadin jariran, sannan a gaya wa ma'aikatan awon ciki irin maganin da aka sha ko dashen da aka yi, domin wasu matan sukan ɓoye wannan saboda kunya.