Me ake nufi idan an ce "zuciya ta kumbura"?

Duk wanda ya taɓa zaman layin ganin likitan zuciya ya ji wannan magana. Majinyaci ya fito da takarda a hannu, 'yan rakiya su taso da "Me ya ce?", sai ya amsa da cewa wai zuciyar ce ta kumbura. Kafin a isa gida har an gano dalili: "Ai dole, da irin baƙin cikin da yake ƙunsa." Hausa ce ta kawo haka. A bakinmu zuciya ita ce mazaunin fushi da damuwa. Muna cewa wane ya yi zuciya, zuciya ta ɗebe shi, ya haɗiyi zuciya ya mutu. To idan aka ce ta kumbura, sai hankali ya tafi wajen kishiya, ko bashi, ko ɗan da ya ƙi jin magana. Damuwa tana iya tayar da jini, babu musu. Amma abin da likita yake nufi tsoka ce, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, mai ɗakuna 4, da ke bugawa kamar sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kusan lita 5 duk minti.

Wannan tsoka idan aka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta na tsawon lokaci, abu biyu ke faruwa. Ko dai bangonta ya yi kauri kamar damtsen maƙeri, har ya ƙi sakewa yadda jini zai cika ɗakin, ko kuma ɗakunan su buɗe su yi faɗi, bangon ya saki kamar robar da aka yi ta ja har ta daina komawa. A hoton ƙirji, inuwar zuciya mai lafiya ba ta wuce rabin faɗin ƙirjin. Idan ta wuce, shi ne ake fassara wa majinyaci da kumburi. Ke nan kumburin alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Akwai abin da ya jawo shi, kuma sai an gano shi magani zai yi daidai.

Idan zuciyar ta kai ga ba ta iya tura jinin da jiki ke buƙata, sai a ce ta gaza. Kalmar "gazawa" tana firgita mutane, suna ɗaukar zuciyar ta tsaya ko tana dab da tsayawa. Tana aiki, ƙarfin ne ya ragu. Jinin da bai wuce ba sai ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ƙoda kuma ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Daga nan ne haki yake zuwa. Mutumin da ke takawa masallaci ba tare da tunani ba, yanzu sai ya tsaya ya dafa bango. Da dare ba ya iya miƙewa a kan katifa, sai an tara masa matashi biyu ko uku, wani ma a zaune yake kwana, kuma yakan farka tsakar dare numfashi ya sarƙe yana neman taga. Ƙafa ta ɗaga, takalmi ya ƙi shiga. Ka danna babban yatsa a ƙwaurinsa ka ɗan riƙe, in ka cire za ka ga rami ya zauna kamar an danna tuwo. Da yawa ana fara yi musu maganin asma ko na sanyi wata da watanni kafin wani ya saurari ƙirjin da kyau.

A asibiti ba a tsayawa kan hoton ƙirji, domin inuwa kaɗai yake nunawa. Ana auna jini, ana yin isiji, wato a liƙa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu a zana tafiyar lantarkin zuciya a kan takarda. Gwajin da ke raba gardama shi ne eko. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita ce. Za a kwantar da mutum a gefen hagu, a shafa masa wani mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙari, sai ga zuciyar a allo tana motsi, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Babu allura, babu zafi. A nan ake lissafa kashi nawa na jinin da ke babban ɗakin hagu yake fita a kowane bugu. Mai lafiya yakan fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. Idan ya sauka zuwa 40 ko ƙasa, tsokar ta yi rauni sosai. Ina ganin duk wanda aka ce wa zuciyarsa ta kumbura ya kamata ya tambayi wannan lamba ya rubuta ta, ya kuma tambayi likita abin da ya jawo. Da su ne zai gane ko ana samun ci gaba idan aka sake gwaji.

Babban mai laifi a ƙasashenmu shi ne hawan jini. Jinin da ya zauna a 140 bisa 90 ko sama yana tilasta wa zuciya turawa da ƙarfi dare da rana, shekara da shekaru, alhali mai shi ba ya jin komai. Shi ya sa shan magani sai ranar da kai ya yi ciwo yake cutar da mutane. Sai kuma lalacewar ƙofofin zuciya, wadda takan samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da yaro ya yi ba a magance ba, daga baya gaɓoɓi su yi ciwo, bayan shekaru a ga matashi yana haki. Wanda aka gano da wuri ana kare shi da allurar fenisilin duk mako 3 ko 4. Ciwon suga, toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, ƙarancin jini mai tsanani da shan giya duk suna kai wa can.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na masu jego. Mace ba ta da tarihin ciwon zuciya, sai a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa tsokar ta saki. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan ya fi yawa a duniya, domin binciken da aka yi a Zariya da Sakkwato da Kano ya nuna kusan haihuwa 1 cikin 100 a wasu asibitoci. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa a Zariya, suka ɗora alhakin a kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta bai sami wannan alaƙar da ƙarfi ba. Ya fi nuni ga ramar jiki, da hawan jinin goyon ciki, da talauci, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa, kuma matar da zuciyarta ta yi rauni ba ta da abin yi da ita.

Abin takaicin shi ne yadda alamun suke ɓuya a cikin jego. Na ga wata maƙwabciyarmu, kwana ashirin da haihuwa, tana shayar da jariri a zaune tana tari, ta kasa ƙarasa amsa gaisuwa sai ta huta. Uwarta ta ce, "Gajiyar haihuwa ce, 'yar nan, in kin yi arba'in zai wuce." Sai da cikinta ya sake ɗagawa kamar ba ta haihu ba sannan aka nemi mota. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ta sha wahalar da ba dole ba. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata 3 zuwa 6 idan an fara magani da wuri. Wadda tata ba ta dawo daidai ba, sabon ciki haɗari ne ga ranta, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi a gaban mijin.

Magungunan iri biyu ne, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. Akwai na fitsari, wanda aka fi sani da Lasix, mai kwashe ruwa. Kwana biyu ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, majinyaci ya ce ya warke. Akwai kuma waɗanda ba a jin aikinsu nan take, irin su lisinopril da carvedilol da spironolactone da dapagliflozin, kuma su ne suke sauke wa zuciyar kaya, su tsawaita rai. Su ake fara yadawa idan kuɗi ya yi ƙasa. Gara a gaya wa likita gaskiyar aljihu ya zaɓi masu sauƙin kuɗi da a daina a ɓoye. Mai ciki ba ta shan lisinopril da danginsa, don suna cutar da ɗan tayi.

A gida kuma tukunya ce abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Magungunan ciwon jiki na kemis irin su ibuprofen da diclofenac suna sa jiki riƙe ruwa, mai raunin zuciya ya nisance su. In da hali a ajiye sikeli, a hau duk safiya bayan fitsari kafin kalaci. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ya fara taruwa, sai a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.