Idan Karenka Ya Ciji Mutum a Ingila, Wa Doka Za Ta Kama?

Amsar ita ce mai karen, ko wanda karen ke hannunsa a lokacin. Haka dokar karnuka masu haɗari ta Birtaniya ta shekarar 1991 ta tanada.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba sai kare ya kai ga cizo ba. Idan ya fi ƙarfin mai shi har wani ya ji tsoro na gaske cewa zai ji masa rauni, an riga an karya doka, kuma hukuncin na iya kai wa ɗaurin wata 6 ko tara, ko duka biyun. Idan ya ji wa mutum rauni, ɗaurin na iya kai shekara 5. Idan mutumin ya mutu, shekara 14. Ko da karen da ke yi wa makaho jagora ne ya ji wa rauni, ana iya ɗaure mai karen da ya yi ɓarnar shekara 3.

A da, laifin ya fi shafar titi da wuraren jama'a. A 2014 aka yi wa dokar gyara ta shigo har cikin gida. Ke nan idan mai raba wasiƙu ya buɗe ƙofar tsakar gidanka kare ya yi kansa, cewa "ai a gidana ne" ba za ta fisshe ka ba. Ni a ganina wannan gyaran ya yi daidai, domin wanda aiki ya kawo shi ƙofarka bai zo da shirin kare kansa ba. An dai yi sassauci idan ɓarawo ne ya kutsa cikin ɗakunan gidan.

Akwai kuma karnukan da aka haramta mallakarsu: Pit Bull Terrier, Japanese Tosa, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Daga baya aka ƙara XL Bully. Tun ranar 31 ga Disamba 2023, a Ingila da Wales ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a kiwonsa don ya hayayyafa, ba a yasar da shi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuwa, ajiye shi ba tare da takardar izini ba laifi ne. Mai takardar ma sai ya dandaƙe karen, an cusa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma duk fita waje da takunkumi a baki da igiya a wuya.

Siffar kare ake dubawa, ba sunan da mai sayarwa ya ba shi ba. 'Yan sanda na iya kama shi ko bai taɓa cizon kowa ba, kuma a gaban alƙali mai karen ne zai kawo hujjar cewa ba irin wanda aka haramta ba ne.