Tsallakawa Daga Ƙaramar Kwaleji Zuwa Jami'a a Kalifoniya: Me Dokar SB 1440 Ta Yi Maka Alkawari?

Duk wanda ya san yadda mai NCE ko difloma ke shiga jami'a a aji biyu a Najeriya ba zai sha wahalar gane wannan magana ba. A Amurka ma akwai irin wannan hanya, kuma ta fi tamu faɗi: ɗalibi ya yi shekara biyu a ƙaramar kwalejin unguwa mai sauƙin kuɗi, sannan ya tsallaka jami'a ya ƙarasa biyun da suka rage, ya fito da digiri iri ɗaya da na wanda ya fara can tun daga farko. A jihar Kalifoniya, inda irin waɗannan kwalejoji suka kai 116, ɗan jiha dala 46 kacal yake biya a kan kowane yunit, wato ma'aunin nauyin kwas. Shi ya sa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da 'ya'yan baƙi suka fi bin ta.

Wajen tsallakawar ne ake yin ɓari. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na yunit ɗin da suka tara. Waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi na 'yan kasuwa suka koma na gwamnati kuwa, asararsu ta kai kashi 94. Kwas ne aka biya kuɗinsa, aka hana ido barci, aka ci jarrabawarsa, sannan sabuwar makaranta ta ce ba ta san da shi ba, a sake daga farko.

Wannan ɓarnar ce Kalifoniya ta so toshewa da dokar SB 1440, wadda Alex Padilla ya gabatar lokacin yana ɗan majalisar dattawan jiha, Gwamna Arnold Schwarzenegger kuma ya sa mata hannu a 2010. Dokar ta ƙirƙiro wata shaidar karatu ta shekara biyu da ake kira ADT, wadda aka yi ta musamman domin mai niyyar tsallakawa. Sharuɗɗanta ba su da yawa. Ka kammala yunit 60 waɗanda jami'ar jiha, wato CSU, ta amince da su. A cikinsu akwai kwasa-kwasan gama-gari da kowa ke yi, da aƙalla yunit 18 a fannin da ka zaɓa. Makinka na GPA kuma kada ya gaza 2.0. Dokar ta kuma hana kwalejin ɗora maka wasu sharuɗɗa nata na cikin gida a kan waɗannan.

Idan ka cika su, CSU ta ɗauki nauyi uku a kanta. Za ta ba ka gurbi a matsayin ɗan aji uku. Ba za ta sa ka maimaita kwas ɗin da ya yi kama da wanda ka riga ka ci ba. Kuma za ta ba ka damar kammala digiri da wasu yunit 60, jimla 120 ke nan.

To, a nan ne nake roƙon iyaye da ɗalibai su karanta a hankali, domin wurin da aka fi yin kuskure ke nan. Alkawarin gurbi na CSU ne gaba ɗayanta, ita kuwa tana da rassa fiye da 20 a warwatse a jihar, tun daga Humboldt can arewa har San Diego kusa da iyakar Meziko. Dokar ba ta ce za a ba ka reshen da ranka ke so ba, ba ta kuma ce za a ba ka fannin da ka nema ba. Abin da ta ba ka shi ne fifiko a reshen da ke yankinku, da kuma fifiko a fannin da ya yi kama da na shaidarka. Akwai rassan da masu nema suka yi wa yawa, irin su San Diego State da Long Beach da Cal Poly San Luis Obispo, haka kuma akwai fannonin da kusan ko'ina cike suke, kamar aikin jinya. A irin waɗannan wurare maki 2.0 ba zai kai ka ko bakin ƙofa ba, sai an yi takara. Wanda bai samu ba sai a tura takardunsa wani reshe mai sarari. Ga saurayin da ba shi da nauyin kowa wannan ba komai ba ne. Ga matar da ke da yara biyu a makaranta da aikin dare a asibitin garinsu, gurbi a gari mai nisan tafiyar awa bakwai da babu duk ɗaya ne.

Sai kuma kalmar nan ta "kama", wadda duk dokar ta rataya a kanta. Reshen jami'ar ne ke yanke hukuncin ko ADT ɗinka ya yi kama da wani fanni nasa, kuma hukuncin wannan reshe ba lallai ya zama na wancan ba. Idan ka shiga fannin da ba a ce ya yi kama ba, ko ka sauya fanni bayan ka shiga, alkawarin yunit 60 ya tashi.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan ƙanwata ya turo mini hoton takardar sakamakonsa ta waya da tsakar dare, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kwasa-kwasai biyar. Ya ce, "Kawu, waɗannan duk sun ce ba za su shiga lissafin fannina ba." Ya yi shaidarsa a harkar kasuwanci, amma da ya zo cike takardar neman jami'a sai zuciyarsa ta karkata ga ilimin kwamfuta, yana ganin ai shaida shaida ce. Muka zauna muna ƙirga layi-layi, shi a can ni a nan, har muka gane cewa sauyin zai ci masa ƙarin shekara guda da kuɗinta. Babu wanda ya cuce shi. Bai dai san cewa tun ranar da ya zaɓi kwas ɗinsa na farko a kwaleji ya fara zaɓen jami'arsa ba.

Don haka ni a ganina daga ƙarshe ake faro lissafin. Ka fara tsayar da digirin da kake so, ka duba rassan da ke koyar da shi, ka ware waɗanda za ka iya zama a garinsu, sannan ka dawo baya ka ga wane ADT ne suka amince ya yi kama da shi. Akwai shafin intanet na hukuma mai suna ASSIST, inda za ka sa sunan kwalejinka da na jami'ar da fannin, ya nuna maka kwas da kwas abin da ake karɓa. Ka riƙa leƙa shi kafin rajistar kowane zangon karatu, ka kuma kai wa mai ba da shawara na kwalejinku abin da ka gani ya tabbatar maka. Tara kwasa-kwasai barkatai ma ba riba ba ce, domin yunit 70 ne iyakar abin da jami'ar za ta ƙirga maka daga ƙaramar kwaleji. Mai son injiniya kuwa ya yi hattara sosai: lissafi da kimiyyar da ake bukata kafin aji uku sun yi wa awon yunit 60 yawa, saboda haka jerin sharuɗɗan reshen da yake nufa ya kamata ya bi.

Ɗaya babbar jami'ar jihar, wato UC, wadda Berkeley da UCLA ke ƙarƙashinta, alkawarin SB 1440 bai ɗaure ta ba, domin kundin tsarin mulkin jihar ya ba ta 'yancin gudanar da kanta. Tana da nata tsarin mai suna TAG, wanda rassa shida ke ciki: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da UCLA da reshen UC na San Diego ba sa ciki. Shi TAG reshe takamaimai yake lamunce maka, abin da ADT bai yi ba, amma makin da ake nema ya fi yawa, reshe ɗaya tak ake zaɓa, kuma ga masu son shiga a zangon kaka a watan Satumba ake nema, kusan shekara guda kafin a tsallaka.

A da ɗalibin da bai tsayar da shawara tsakanin CSU da UC ba yakan rasa wane jerin kwasa-kwasan gama-gari zai bi. Dokar AB 928 ta 2021, wadda Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu, ta umarci a haɗe su su zama hanya ɗaya mai suna Cal-GETC, kuma sababbin ɗalibai sun fara bin ta daga zangon kaka na 2025. Wannan gyara ne na gaske, ko da yake bai taɓa sharuɗɗan kowane fanni ba.

Ɗalibin da ya zo daga waje da bizar karatu ta F-1 ba ya cin moriyar farashin dala 46, kuɗin baƙo yake biya a kwaleji da jami'a duka. Idan ya samu gurbi, sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na kwalejinsa ya miƙa bayanansa na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, ga sabuwar makarantar, ita kuma ta ba shi sabuwar takardar I-20, wato shaidar gurbin da bizar karatunsa ta dogara a kai.

CSU tana buɗe karɓar takardun zangon kaka ranar 1 ga Oktoba, ta rufe wajen ƙarshen Nuwamba. A cikin fom ɗin dole ka bayyana cewa ADT kake yi, ka kuma je ofishin rajista na kwalejinka ka nemi shaidar da kanka, don su tabbatar wa jami'ar cewa kana dab da kammalawa. Idan wannan tabbaci bai isa a kan lokaci ba, za a duba takardunka ba tare da fifikon da doka ta ba ka ba.