Allon laftop zai iya zama allon ƙaramar kwamfutar tebur?

Ƙananan kwamfutocin tebur irin su Mac mini, NUC da Raspberry Pi ba sa zuwa da allo, ba kibod, ba linzami. Mac mini ta 2024 faɗinta santimita 12.7 ne kacal, tana zama a tafin hannu. Duk wanda ya saye ta alhali yana da laftop a gefe, abin da zai fara zuwa ransa shi ne: ga allo nan mai kyau, me zai sa in sake kashe kuɗi? Ga yadda lamarin yake.

Idan na haɗa su da wayar HDMI, hoto zai fito a laftop?

Ba zai fito ba. Kafar HDMI da ke jikin laftop ta fitar da hoto ce kawai, ba ta karɓa. Shi allon laftop an jona shi da bod ɗinta ne ta wata siririyar waya da ke bi ta maɗaurin murfi, wadda ake kira eDP, a tsofaffi kuma LVDS. Tsakanin kafar HDMI da wannan wayar babu wata hanya. Haɗa kwamfutocin biyu da HDMI tamkar haɗa bakin famfo biyu ne da tiyo ɗaya: kowanne zubarwa yake yi, babu mai karɓa. Haka abin yake da USB-C da Thunderbolt a kusan kowace laftop. Tun da matsalar ta ƙira ce, babu manhajar da za ka sauke ko adaftar da za ka saya ta juya kafar.

Amma ai an ce akwai laftop masu karɓar hoto?

Akwai, sai dai 'yan tsiraru ne. Wasu samfuran Alienware M17x da M18x na wajajen 2011 suna da kafar shigar da HDMI, GPD Pocket 3 ma ana iya sa mata wani sashe mai yin hakan. Idan taka tana ciki, za ka ga an rubuta HDMI IN a jiki ko a takardar bayaninta. Masu Apple kuma sukan tuna da Target Display Mode, tsarin da ke mayar da kwamfuta ta zama allon wata, amma wannan na wasu iMac ne da aka ƙera tsakanin 2009 da 2014. MacBook ba ta taɓa samunsa ba.

To wace hanya ce ta fi kama da haɗin waya kai tsaye?

Na'urar kama hoto, wadda masu yaɗa bidiyo kai tsaye suke ce wa kafca kad. Ƙaramarta ba ta fi filas girma ba: kafar HDMI a baki ɗaya, USB a ɗayan. Ka jona wayar HDMI daga ƙaramar kwamfutar zuwa cikinta, ka soka ta a laftop. Laftop za ta ɗauke ta a matsayin kyamara, don haka sai ka buɗe Camera a Windows, ko QuickTime a Mac, ko OBS Studio a kowacce, ka zaɓe ta, ka faɗaɗa hoton ya cika allo.

Alfanunta babba ne. Ita ƙaramar kwamfutar a ganinta allo na gaske aka jona mata, saboda haka tun daga danna makunni za ka ga komai, har da shafin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin manhajar kwamfuta ta tashi, da saƙon kuskure idan ta ƙi tashi. Ba sai ka saita mata komai ba tukuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinkiri da ingancin hoto. Hoton 1080p mai sauyawa sau 60 a daƙiƙa, idan ba a matse shi ba, yana cin kusan gigabit 3 a daƙiƙa. USB 2.0 kuwa iyakarsa megabit 480. Dole na'urar ta matse hoton sosai, ta kuma rage shi zuwa sau 30, shi ya sa ƙananan rubutu suke yin dishi-dishi, gefen haruffa ya yi kamar an shafa shi da yatsa. USB 3.0 mai gigabit 5 ne yake ɗaukar nauyin yadda ya kamata. A nan sai an buɗe ido: na'urori masu araha da yawa ana yi musu shuɗin baki a rubuta 3.0, amma cikinsu 2.0 ne. Masu ƙwaƙwalwar MS2109 na 2.0 ne, masu MS2130 kuma na 3.0. Ko da mai kyau ce, za ka motsa linzami sai kibiyar ta biyo baya da ɗan kaɗan. A rubutu da saiti ana jurewa, a wasan da ake harbi kuwa takaici ne zalla. Sannan fina-finai masu kariyar hana kwafi ta HDCP, irin na Netflix, suna iya nuna maka baƙin allo kawai.

Kibod da linzamin laftop za su yi aiki ta nan?

A'a, hoto da sauti ne kawai suke tahowa, babu abin da ke komawa. Sai ka jona wa ƙaramar kwamfutar nata kibod da linzami. Akwai dai na'urorin KVM na USB, irin su Openterface da NanoKVM-USB, masu haɗa kama hoto da aika madannai.

Ni da nake son in yi aiki da kibod ɗin laftop kullum fa?

Hanyarka ita ce sarrafawa ta netwok, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da aikin yau da gobe. Ƙaramar kwamfutar tana aikinta a lungu, tana turo hoton allonta, laftop kuma tana tura mata abin da ka danna.

Idan ƙaramar kwamfutar mai Windows ce, ka shiga Settings, System, Remote Desktop a cikinta, ka kunna. Amma sai nau'in Pro, Enterprise ko Education ne ake iya shiga cikinsa. Home yana iya shiga wata kwamfutar, ba a iya shigarsa, kuma wannan ne ke kayar da mutane da yawa. Rubutu yana fita tas a Remote Desktop, girman allon ma yana daidaita kansa da na laftop. A Mac mini, Screen Sharing ne, yana ƙarƙashin General sannan Sharing. Daga macOS Sonoma na 2023 an ƙara masa yanayi mai sauri idan duka biyun masu ƙwaƙwalwar Apple ne. Mai Windows Home ko Linux yana da manhajoji irin su RustDesk, NoMachine da VNC. Mai son wasa ko tace bidiyo ya sa Sunshine a ƙaramar kwamfutar, Moonlight a laftop, domin jinkirinsu kaɗan ne ƙwarai.

Sai da intanet ke nan?

Ba dole ba. Muddin suna kan rawuta ɗaya, ko da babu data a cikinta, za su ga juna. Wayar Ethernet guda ɗaya kai tsaye tsakaninsu ma ta isa: kowacce za ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, ba sai wayar musamman ba. Waya ta fi Wi-Fi nesa ba kusa ba wajen tsayuwar hoto. Chrome Remote Desktop ne dai ba ya haɗuwa sai da intanet.

Wani abu kuma: kada ka buɗe ƙofa mai lamba 3389, wadda Remote Desktop ke karɓar haɗi ta cikinta, ga intanet a rawutarka. Masu kutse suna laluben ta dare da rana. In kana son shiga daga nesa, ka bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kariya zuwa netwok ɗinka.

Na haɗu, amma allon baƙi ne, ko kuma ɗan ƙarami. Me ya faru?

Kwamfuta takan tambayi allo girmansa kafin ta zana hoto, allon ya amsa da wasu bayanai da ake kira EDID. Idan ba ta ji amsa ba, sai ta ƙi zanawa ko ta koma ƙaramin girma. Maganin shi ne ɗan toshin HDMI mai kwaikwayon allo, wanda bai kai babban yatsa ba. Ka soka shi ka manta da shi. VNC, Sunshine da makamantansu ne suka fi bukatarsa. Remote Desktop na Windows yana ƙirƙirar allonsa da kansa.

Miracast da AirPlay, masu tura hoto ba tare da waya ba fa?

Suna aiki. Laftop mai Windows tana karɓar hoto idan ka sa mata Wireless Display, MacBook ta 2018 zuwa sama kuma tana karɓar AirPlay tun daga macOS Monterey na 2021. Matsalar ita ce daga wajen mai aikawa ake fara haɗin. Kana bukatar allo kafin ka danna abin da zai ba ka allo. A matsayin allo na biyu suna da amfani, a matsayin allo ɗaya tilo ba na ba da shawararsu.

To ranar farko yaya zan yi, tun da ba ni da allo?

Talabijin mai HDMI ta wadatar, na sa'a ɗaya kawai. Ka gama saitin farko, ka kunna sarrafawa daga nesa, ka hana kwamfutar yin barci, ka saita ta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, ka kuma ba ta adireshin da ba ya canzawa a rawuta. Kafin ka cire talabijin, ka kashe ta ka kunna, ka gwada shiga daga laftop. Mai Mac mini ya lura da FileVault, tsarin da ke kulle bayanan kwamfutar, domin yakan tsayar da ita a wajen kalmar sirri kafin Screen Sharing ya tashi. Raspberry Pi ta fi sauƙi: manhajar Imager tana ba ka damar rubuta saitin Wi-Fi da na SSH, wato hanyar ba ta umarni daga nesa, a kan katin ajiyarta tun kafin ka kunna ta.

Ina da matacciyar laftop amma allonta lafiya lau. Zai yi amfani?

Sosai ma. A cire gilashin allon a hankali, a duba lambar samfurin da ke manne a bayansa, a nemi ɗan bod mai sarrafa allo wanda ya dace da wannan lambar daidai. Bod ɗin yana da kafar HDMI, yana kuma bukatar wutarsa daban. Lambar allon ake bi, ba sunan laftop ba, domin samfuri ɗaya yakan fito da alluna iri-iri, wani mai fil 30, wani mai 40. Ko yawan fil ya zo ɗaya, idan tsarin wutar ya bambanta, allon zai iya ƙonewa a jonawar farko.